Penang: Benaye Na Ta Tashi, Ruwan Sha Kuma Daga Tsallake Yake Zuwa

Jama'a assalamu alaikum. Tunda na dawo mutane ke ta tambayata wai ya Malesiya, ya Penang, gaskiya ne abinda ake gani a hotuna? Toh gaskiya ne, garin ya haɗu, amma akwai abinda hoto baya nunawa kuma shi ne ya fi tsaya min a rai, shi yasa nace bari in zauna in rubuta dogo ko da wasu zasu ce ya yi yawa.

Ƙanena ne ke karatun digiri na uku a USM, wato Universiti Sains Malaysia, yana can da matarsa da yara, kuma duk wanda ya san malaman jami'o'inmu na arewa ya san yadda suka cika makarantar nan musamman waɗanda TETFund ta tura, in ka shiga masallacin makarantar ranar Juma'a sai ka ji Hausa ta ko'ina. A 2025 Allah ya nufa na kai musu ziyara. Kuala Lumpur na sauka, na hau jirgin ƙasa na lantarki zuwa Butterworth, daga nan na shiga feri, wato jirgin ruwan fito, na tsallaka zuwa tsibirin Penang. Tsofaffin ferin sun daina ɗaukar motoci tun ƙarshen 2020, sababbin da aka kawo a 2023 mutane da babura kawai suke ɗauka, tsaf-tsaf ga sanyin AC, minti kaɗan kun isa.

Daga cikin ferin nan ne zaka fara fahimtar garin. Ga duwatsu kore shar a baya, ga teku a gaba, tsakaninsu kuma ɗan siririn fili ne kawai, kuma a wannan ɗan filin aka cusa komai. Benaye ne jere tun daga hannun hagu har inda ido ya ƙare a hannun dama, hawa talatin hawa arba'in wasu sun haura, waɗanda ba'a gama ba kuma ga injinan ɗaga kaya masu dogon wuya a samansu suna ta juyi. Komtar, wanda tun shekarun 1980 shi ne dogon ginin da ake alfahari da shi a garin, yana nan a tsakiya, amma yanzu ya samu 'yan uwa da yawa. Tsibirin gaba ɗaya bai kai murabba'in kilomita 300 ba, tsakiyarsa duk tsauni ne da daji, mutanen da ke kansa kuma wajen dubu 800. Kaga in ba sama ba ina za'a je? Wannan na yarda da shi, bana cikin masu cewa dogon gini shi kansa laifi ne.

Ƙanena a wani kondo, wato dogon bene mai gidaje da yawa a ciki, yake haya a wajen Gelugor kusa da makaranta, hawa na ashirin da wani abu. Akwai maigadi a ƙofa, akwai kati da zaka taɓa kafin lifta ta motsa, akwai wurin ninkaya da wurin motsa jiki da ɗan filin wasan yara a saman benen da ake fakin ɗin motoci. Daga baranda kana hango gadar Penang da daddare fitilu ras. Na daɗe a tsaye ina kallo ina cewa masha Allah.

Da na shiga banɗaki sai na ga manyan robobi biyu cike da ruwa an rufe, a kicin ma ga jarkoki a jere ƙarƙashin wurin wanke-wanke, irin dai yadda muke yi a gida in mai ga-ruwa ya sauke mana kura. Nace wa matar ƙanena wannan fa, a ƙasar da famfo baya ɗaukewa? Tace Yaya ai tun abin da ya faru a Janairun 2024 ban ƙara yarda in kwana babu ruwa a ajiye ba. Nan suka bani labari, daga baya kuma duk wanda na yi hira da shi a garin sai ya kawo zancen. Daga ranar 10 ga Janairu 2024 aka rufe babbar matatar ruwa ta jihar don a canza wasu manyan bawul guda biyu da suka tsufa suna yoyo, an sanar tun da wuri, an ce abin zai kai kwana huɗu kafin ruwa ya dawo ko'ina, kuma ya shafi masu mita wajen dubu 590, gidaje da shaguna da masana'antu. Robobi da bokitai suka yi tsada, mutane suka riƙa bin tankokin ruwa da ake kawowa unguwanni. Toh ka ɗauka kana hawa na ashirin da biyar, tankin ginin ya ƙare, ga yara ga alwala ga girki ga banɗaki, kowa na jiran lifta da bokiti a hannu. Waɗanda ke ƙarshen layin bututu a kudancin tsibirin da waɗanda ke kan tudu su ne na ƙarshen samun ruwa.

Abinda ya bani mamaki shi ne inda ruwan yake fitowa. Sama da kashi 80 cikin 100 na ruwan da jihar Penang ke sha daga kogi ɗaya ne, Sungai Muda, wanda ke kan iyakarsu da jihar Kedah, tushensa ma a dajin Ulu Muda yake cikin Kedah. Ana jan ruwan a tace shi a matatar Sungai Dua da ke ɓangaren jihar na tsallaken teku, wato Seberang Perai, sannan a turo shi tsibirin ta bututun da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Tsibirin yana da dam biyu nasa, Air Itam da Teluk Bahang, amma ƙanana ne, in rani ya yi tsawo sai ka ji ana ta ƙirga kwana nawa ya rage musu. Duk waɗannan benaye da wuraren ninkayarsu da otal-otal da masana'antun Bayan Lepas inda Intel ta kafa tun 1972, kusan dukkansu kogi ɗaya da matata ɗaya suke jira. A Yulin 2022 da aka yi ambaliya a Baling can cikin Kedah ruwan kogin ya koma taɓo, dole aka tsayar da matatar, Penang ta kwana babu ruwa alhali ba a garinsu aka yi ruwan saman ba. A Mayun 2023 wata ƙofar madatsa ta samu matsala ruwan kogin ya zube ya yi ƙasa, nan ma haka. A Disamban 2023 bututun da ya ratsa ƙarƙashin kogin Perai ya fashe. Ga kuma rigimar siyasa a kai, don babban ministan Kedah, wato kamar gwamna a wajenmu, Sanusi Md Nor, ya daɗe yana cewa sai Penang ta riƙa biyan kuɗin ruwan, har ya ambaci ringit (kuɗin Malesiya) miliyan 50 a shekara, su kuma Penang suna cewa daga ɓangarensu na kogin suke ɗiba ba zasu biya ba. Ana ta maganar jawo ruwa daga jihar Perak amma wannan ba aikin yau da gobe bane.

Su ma mutanen garin da nasu. Ruwa a Penang ya daɗe yana cikin mafi araha a ƙasar, shi yasa a shekarun baya mutum ɗaya ke amfani da kusan lita 300 a rana, wajen ninki biyu na ɗan Singafo. An ƙara kuɗin a 2024. Na ga ana wanke mota da tiyo a buɗe ruwa na bin kwalta, raina ya sosu wallahi.

Sai hanya. Ranar da muka ce zamu je Batu Ferringhi yara su ga bakin teku, da yamma muka fita a Grab, motar haya da ake kira ta waya, kuma hanyar guda ɗaya ce tilo da ta bi gefen teku tana lanƙwasa, dutse a hagu ruwa a dama, babu inda za'a faɗaɗa ta sai an fasa dutse. Tun daga Gurney muke rarrafe, Tanjung Tokong, Tanjung Bungah, kowane kondo yana da ƙofarsa da ke zubo motoci cikin wannan hanya ɗaya. Direban dattijo ne Bamale, wato ɗan ƙabilar Malay, ana ce musu pak cik, yace shi a Tanjung Tokong aka haife shi lokacin ƙauyen masunta ne, yanzu inda suke wanka suna yara an cike shi da yashi an yi gidajen da ko gadinsu ba lallai a ɗauke shi ba, shi kansa ya koma tsallake da zama don can haya ta fi sauƙi, kullum sai ya biyo gada da asuba. Ba shi kaɗai ba, dubban ma'aikatan masana'antu haka suke yi. Gadar farko mai kilomita 13.5 an buɗe ta a 1985, ta biyu mai kilomita 24 a 2014, amma da safe da yamma babban titin Tun Dr Lim Chong Eu da ya haɗa George Town, babban birnin jihar, da Bayan Lepas cike yake taf. Motoci da baburan da aka yi wa rajista a jihar sun fi mutanen jihar yawa. Akwai bas na Rapid Penang masu kyau da araha, amma su ma cikin gosulon suke tsayawa tunda hanyar ɗaya ce, shi yasa duk mai hali sai ya sayi mota, gini ɗaya mai gida ɗari biyar ka lissafa mota nawa zai fitar ƙarfe bakwai na safe.

A Tanjung Bungah muka tsaya sallar magariba a masallacin nan da aka gina a kan ruwa, wanda in teku ta cika zaka ga kamar yana yawo. Bayan sallah direban ya nuna min can sama wajen duwatsun yace ka ga can, nan ƙasa ta binne mutane. Ranar 21 ga Oktoba 2017 ne, da safe, ana aikin ginin gidaje mai hawa wajen hamsin a gindin tsauni, gefen da aka yanka ya zaftaro ya rufe ma'aikata, mutum 11 suka rasu, ɗaya ne kawai ɗan ƙasa, sauran duk leburori ne baƙi daga Bangaladesh da Indonesiya da Myanmar da Pakistan. Kwamitin binciken da gwamnatin jihar ta kafa ya ce abin aikin ɗan Adam ne kuma da an kiyaye da bai faru ba. Sati biyu bayan nan, daren 4 zuwa 5 ga Nuwamba, aka tafka ruwa da iska wanda tsofaffin garin suka ce basu taɓa ganin irinsa ba, George Town ta nutse, mutum 7 suka rasu, dubbai suka koma sansani, har babban ministan lokacin Lim Guan Eng ya nemi a turo sojoji cikin dare. Shekara ɗaya bayan haka, Oktoban 2018, a Bukit Kukus wajen Paya Terubong inda ake fasa tsauni don sabuwar hanya da zata rage cunkoso, ƙasa ta sake zaftarewa kan kwantenonin da leburori ke kwana, mutum 9, duk baƙi. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalansu haƙuri.

Wannan ne ya fi taɓa ni a duk tafiyar. Kullum da yamma ina ganin irinsu daga baranda suna fitowa daga wani gini da ake yi a gefenmu, hular kwano a hannu, takalmi duk siminti, suna jiran motar da zata kwashe su, wasu na waya da gida ta bidiyo suna dariya. Ranar Juma'a sahu ɗaya muke tsayawa da su. Su suka ɗora kowane bulo na gidajen nan, kuma in tsauni ya motsa su ne a ƙarƙashi.

Akwai doka fa. Tsarin jihar ya hana gini a wurin da ya haura mita 76 daga matakin teku ko gangaren da ya wuce digiri 25, amma an bar wata kafa da ake kira ayyuka na musamman, kuma ƙungiyoyi irin su Penang Forum da ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta CAP da Sahabat Alam Malaysia sun daɗe suna kukan cewa ta wannan kafar ake hawa duwatsun. Hujjarsu mai sauƙi ce, in ka sare bishiya ka shafe ƙasa da kankare, ruwan saman da da ƙasa zata shanye gaba ɗaya zai gangaro lokaci guda cikin lambatun da aka gina tun garin yana ƙarami, shi yasa unguwannin da ke bakin Sungai Pinang irin su Jalan P. Ramlee in hadari ya haɗu sai mutane su fara ɗaga kaya sama. Gwamnati kuma tana cewa ruwan 2017 ya wuce misali, ko babu gini sai an yi ambaliya, kuma tana kashe kuɗi wajen faɗaɗa koguna. Ni a ganina duka biyun gaskiya ne, sai dai ruwan sama ba a hannunka yake ba, takardar izinin gini kuwa a hannunka take.

Cikin tsohon garin George Town kam hankalina ya kwanta. Tun 2008 UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da Melaka, kuma a wannan yankin ba'a yarda sabon gini ya wuce mita 18 ba, don haka sama a buɗe take, tsofaffin shaguna masu hawa biyu, masallacin Kapitan Keling da 'yan kasuwa musulmin Indiya suka kafa tun farkon shekarun 1800, masallacin Lebuh Aceh inda a da maniyyata ke taruwa kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Mun ci nasi kandar, shinkafa ce da ake zuba mata miya kala-kala a haɗe da soyayyar kaza, duk wanda zai je kar ya bari ta wuce shi. Sai dai ko nan ɗin, da dare ya yi zaka ga saman shagunan da yawa duhu, don tun da aka soke dokar ƙayyade kuɗin haya a 2000 talakawan da suka gaji zama a wurin suka riƙa tashi, gidajen suka koma otal da wurin shan kofi.

Su ma dogayen benayen na bakin teku in ka ɗaga kai da daddare tagogi da yawa babu wuta. Ƙanena yace wasu na mutanen Kuala Lumpur ne da Singafo da Hong Kong da suka saya suka ajiye, wasu kuma ba'a ma sayar ba, Penang na yawan fitowa cikin jihohin da suka fi gidajen da aka gama babu mai saye. A ƙa'ida baƙo baya sayen kondo a tsibirin ƙasa da ringit miliyan ɗaya, masu gini kuma sun san inda riba take. Har ta kai a 2023 hukumar birnin ta hana bada hayar kwana-kwana irin ta Airbnb a gidajen zama, saboda ƙorafin mazauna. Toh kaga abin, gida ya yi yawa kuma gida ya yi ƙaranci a lokaci ɗaya, malamin firamare ko ma'aikacin asibiti ɗan asalin tsibirin yana kallon bene babu kowa a ciki shi kuma yana tsallaka gada.

Dab da unguwar su ƙanena akwai inda ake kira Kampung Buah Pala a da. Ƙauyen Indiyawa 'yan Tamil ne masu kiwon shanu da awaki, kaka da kakanni suna wurin, a 2009 aka rushe shi bayan doguwar shari'a aka gina kondo, wasu an basu gidaje diyya. Na wuce ta wurin, babu alamar an taɓa ɗaure saniya a nan.

Wata safiya muka gangara kudu, Teluk Kumbar da Sungai Batu, ƙauyukan masunta ne Malawa, ƙananan jirage a ɗaure, ana sayar da jatan lande da kifi ɗanye a bakin ruwa. In ka kalli teku zaka hango jiragen yashi suna aiki. Nan ne ake gina sabon tsibiri sukutum da ake kira Silicon Island. Da farko tsibirai uku aka tsara, don a sayar da filin a samu kuɗin gina hanyoyi da jirgin ƙasa na cikin gari, masunta da ƙungiyoyin muhalli suka yi ta zanga-zanga da kai ƙara, a 2023 firaminista Anwar Ibrahim yace gwamnatin tarayya zata ɗauki nauyin jirgin, aka rage aikin zuwa tsibiri ɗaya mai hekta wajen 920, aka fara zuba yashi a wannan shekarar. Wani masunci da muka sayi kifi a wajensa, ƙanena na fassara min, yace daidai wurin da ake cikewa nan ne jatan lande ke hayayyafa, yanzu sai ya ƙara nisa ya ƙara mai, abinda yake kamowa kuma ya ragu, wasu abokansa sun karɓi diyya da sabon inji shi bai karɓa ba. Bai ɗaga murya ba, yana magana yana gyara koma.

Jirgin kuwa, wanda suka sa wa suna layin Mutiara, an ƙaddamar da aikinsa a Janairun 2025, zai taso daga kudu ya bi ta filin jirgin sama zuwa Komtar, da reshe da zai tsallaka teku zuwa Butterworth, ana sa ran gamawa wajen 2031. Ina musu fatan alheri da gaske don garin na buƙatarsa, amma benayen da za'a gama kafin 2031 ba zasu jira shi ba, kuma shi kansa sabon tsibirin in an cika shi da masana'antu da gidaje ruwan Sungai Muda ɗin dai zai sha in ba'a samo wani ba.

Ga 'yan uwa masu shirin zuwa karatu ko kai iyali, kar hoton wurin ninkaya ya ruɗe ku wajen kama haya. Ku tambayi waɗanda suka riga ku a ginin kwana nawa tankinsu ya ɗauka lokacin da aka ɗauke ruwa a 2024, ku tambaya ko ruwan sama na shiga wurin fakin na ƙasa, lifta nawa ce ke aiki da safe lokacin kai yara makaranta, ku leƙa bayan ginin ku ga ko akwai tsaunin da aka yanka aka lulluɓe da leda shuɗiya. In da hali ku nemi inda zaku iya takawa da ƙafa zuwa makaranta ko masallaci, ko da gidan tsoho ne hawa biyar, kuma ranar da kuka tare ku fara sayen manyan robobi biyu kafin ku sayi labule.